Hoton Watan da Na Aika wa Kawu

Zuwa ga Kawu mai hoto,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna. Yaya ƙafar nan taka, ta daina kumbura? In Mama ta leƙo ka gaishe ta, ka ce mata ina cin abinci, don na san abin da za ta fara tambaya ke nan.

Na san za ka yi dariya ka ce yau 'yar zamani ta ɗauki biro. To ya zan yi? Kai ka ƙi riƙe waya, ka ce ita ta kashe maka sana'a. Ni kuma a makarantar nan sai na hau matakalar tankin ruwa kafin in sami sabis. Direban da ke kawo mana kayan abinci ya ce yana bi ta bakin shagonka, shi zan riƙa ba wa.

Kawu, zaman nan ya ishe ni. Da an tashi daga aji, 'yan mata sun koma ɗakunan kwanansu, shi ke nan sai ni da bango. In zauna, in tashi, in buɗe taga, in rufe. Sauran malamai duk masu iyali ne, kowa ya shige gidansa ya ja ƙofa. Na share ɗakin nan har siminti ya fara ƙyalli.

Makon jiya Shugabar makaranta ta sa ni gyara siton ɗakin kimiyya. A bayan kwalayen tsofaffin littattafai na ci karo da wani dogon akwati, ko ledarsa ba a cire ba. Ashe madubin hangen nesa ne, ƙarami, irin na masu koyo, da ƙafafunsa uku. An ce tun da aka kawo shi aka hana taɓawa, wai kar ya lalace. Na roƙi Shugaba, ta ce in ɗauka, amma in ya fashe in san inda zan sa kaina.

Da kyar na haɗa shi, na fito da shi filin ƙwallo bayan magariba. Kawu, na ga wata. Ba irin ganin da muke yi masa daga tsakar gida ba. Ramuka ne a jikinsa, da duwatsu, har da inuwarsu. Sai da na ja da baya na zauna a ƙasa. Na ce dole in ɗauki hoto in nuna wa ɗalibaina, in nuna maka. Na kara wayata a bakin gilashin da ake sa ido, abin da ya fito kuwa farin ƙwai ne a baƙin faranti. In na daidaita hannu sai watan ya zame ya fice, in na kamo shi sai hannun ya ɗauki rawa. Watan nan ya fi ƙarfina, Kawu. Kai da ka ƙare rayuwarka kana sa yara masu kuka su tsaya cak a gaban kyamara, gaya mini yadda ake sa wannan ya tsaya.

'Yar yayarka.

*

Zuwa ga 'yar Yaya, sarkin tambaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi sai in na daɗe a tsaye. Innarki na gaishe ki.

Kin kusa tayar mana da rigima. Tabarauna ya shige wani wuri, sai na ba Innarki ta karanta a fili, uwarki kuwa tana zaune. Ana zuwa wurin "watan nan ya fi ƙarfina" sai Yaya ta dafe ƙirji, ta ce ai dama ta faɗa, yarinya na can tana shan wuya, a aika ta tattaro kayanta ta dawo. Na yi ta rantsuwa cewa watan sama kike nufi. Har yanzu ba ta gama yarda ba. Ta ce mai cikakken hankali ba ta fita fili da magariba tana leƙen bututu.

To saurara. Farin ƙwan nan haske ne ya yi yawa. Wayarki ta ga duhu ya kewaye ko'ina, sai ta buɗe ido iya ƙarfinta, ta ƙone fuskar wanda ake ɗauka. Haka ke faruwa in an tsayar da mai fararen kaya a gaban baƙin labule. Ki nemi wurin rage haske a wayar, na san ba za a rasa ba. Ki rage har sai kin ji tsoro, sannan ki ƙara ragewa kaɗan.

Maganar hannu kuma, hannun ɗan Adam bai taɓa tsayawa ba, ko da ya rantse. Ki sami kafintan makaranta ya yanka miki katako, ya huda rami daidai bakin gilashin, ki ɗaure wayar a kai da robar tsohuwar tayar keke. Ki rataya bokitin yashi a tsakanin ƙafafun nan uku don iska ta bar su. Kuma kada ki taɓa wayar lokacin ɗauka. Ki sa mata ƙidayar nan ta jira, ki ja da baya, ki riƙe numfashi kamar yadda nake sa mutane.

Kada ki jira sai ya cika. Ban taɓa leƙa irin madubinki ba, amma na san fuska. In kin haska tsoho daga gaba, sumul zai fito kamar tire. In kin haska shi daga gefe, kowane layin goshinsa sai ya yi magana. Ki same shi yana rabi.

Zamewar da yake yi ce ban san maganinta ba. Ni duk wanda na ɗauka, in na daka masa tsawa yana tsayawa. Ke ce malamar kimiyya, ki nemo.

Batun zama ya ishe ki kuwa, ban ji shi ba. Ki wanke hoto a takarda ki aiko.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Da fatan ƙafa na ƙara sauƙi, kuma tabarau ya fito daga inda ya ɓuya. Ni lafiya, sai cizon sauro da ya mai da ƙafafuna kamar na mai ƙyanda.

Ga shi nan a cikin ambulan, na sa kwali a bayansa kar ya lanƙwashe. Ka buɗe a hankali.

Duk abin da ka ce na yi. Kafinta ya huda katako sau biyu yana kuskurewa, a na uku ya zauna daram. Bokitin wankina yanzu na yashi ne. Zamewar kuma ba laifin wata ba ne, mu ne muke juyawa da ƙasar gaba ɗaya, abin da nake koyarwa a aji kullum amma ban taɓa ganinsa da idona yana gudu ba. Sai na daina binsa. Ina ajiye shi a gefen gilashin, in danna ƙidaya, in bar shi ya tako da kansa zuwa tsakiya. Na kuma lura in na fito da madubin daga ɗaki mai zafi, hoton yana rawa kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa, to yanzu tun la'asar nake fitar da shi ya sha iska.

Na ɗauki hotuna har wayar ta ce ta cika. Yawancinsu shara ne. Amma wannan ɗayan, Kawu, da na gan shi sai da na yi ihu, 'yan matan da suka laɓe a bayan ragar gola suka watse a guje, sun ɗauka maciji ne. Dubi layin da haske ya haɗu da duhu. Akwai wani babban rami mai ɗan tsauni a tsakiyarsa, har inuwar tsaunin ta fito. Na shiga gari na wanke guda biyu. Shugaba ta riƙe ɗaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Da bututun nan namu?" Ta sa an manna shi a bangon ɗakin kimiyya.

Na gwada taurarin nan Kaza da 'ya'yanta ma, ko ɗan tsako ɗaya bai fito ba. Wannan sai gaba.

Wani abu: rubutunka ya yi girma a takardar nan, layukan suna gangarowa ƙasa. Ko a kan gwiwa ka rubuta?

Ba na iya zama, Kawu. Ko ƙarar mota na ji sai in leƙa ko direba ne. Yabon kowa bai dame ni ba, naka nake jira.

'Yar yayarka.

*

'Yar Yaya,

Muna lafiya. Hoto ya iso.

Na kai shi bakin ƙofa, na kai shi ƙarƙashin fitilar aiki, na ɗora masa gilashin ƙara girma. Ban saba yi wa mai koyo ƙarya ba, ba zan fara a kanki ba. Bai fito ba. Hazo ne. Gefen watan ya narke, ramukan da kike ta yabo ban ga ko ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa ba, ga wani rawaya-rawaya a kai kamar takardar ta sha hayaƙi. Ko dai saitinki bai zauna ba, ko mai wankin ya cuce ki. Shugabarki da ta yaba, kara ta yi miki. Ni da a shagona aka wanke wannan, ba zai kwana ba.

Ki sake. Ki murɗa saitin a hankali, ki wuce wurin, ki dawo.

Rubutuna kuma lafiyarsa ƙalau. Tun ba a haife ki ba nake rubutu. Ki kula da saitinki, ki bar mini birona.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa.

Na sake, kamar yadda ka ce. Na jira watan ya zagayo, na murɗa saiti na wuce na dawo har yatsuna suka yi ciwo. Duk abin da na samu bai fi wancan ba, wasu ma ba su kai shi ba. Na koma wurin mai wanki na yi masa tijara a gaban mutane, ya zaro hoton a kwamfutarsa ya ce in nuna masa hazon. Na rasa abin nunawa, na fito ina jin kunya. To in wancan hazo ne, ni ban san mene ne fitowa ba, kuma ina ganin ba zan taɓa sani ba.

Na cire na bangon ɗakin kimiyya. Na kwance madubin na mai da shi akwatinsa, yana sito inda na same shi. Bokiti ya koma wanki.

Abin nan shi kaɗai ne ke sa ni ɗokin faɗuwar rana a wurin nan. Yanzu na koma buɗe taga da rufewa. Na gaya wa Shugaba in an yi hutun ƙarshen zango ba zan dawo ba. Ka gaya wa Mama ta yi nasara, ta sa a share mini ɗaki.

'Yar yayarka.

*

'Yata,

Innarki ce, matar kawunki. Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da biro an daɗe. Da kaina na tare direba a bakin titi na ba shi, kawunki bai sani ba.

Ni na karanta masa takardarki, kuma tun ranar ban sami sukuni ba. Hoton nan naki ya fito, 'yata. Ni da ban san komai ba na ga ramukan, har na sa yatsa ina shafawa ko zan ji zurfinsu. Telan da ke kusa da shago ya gani ya ce daga littafi aka yanko.

Kawunki ne ba ya gani. Tabarau bai ɓace ba, yana aljihunsa, aiki ne ya daina yi masa. Yanar ido ce ta rufe masa idanun, duka biyun, na hagu ya fi. Tun bara abin ya fara. Yana zuba shayi a gefen kofi ya ce tebur ne ya karkace. In mutum ya shigo sai ya yi ta jan gaisuwa har ya gane murya. A shago ya shafa fenti a ƙasa inda mai hoto zai tsaya, ya ɗaure saitin kyamara da salatif a wuri ɗaya, da haka yake lallaɓawa. Na ja shi asibiti sau ɗaya, likita ya ce aiki ne ƙarami, a kankare. Muna fitowa ya ce ba wanda zai sa masa wuƙa a ido, da ido yake ci. Wani abokinsa aka taɓa yi wa bai dace ba, shi ke nan ya riƙe.

Abin da ya fi ba ni tausayi, bai yi miki ƙarya ba. Hazon da ya faɗa, shi ya gani. Yini ya yi da hoton nan yana juya shi, ya kai kusa ya kai nesa. Na ce, "Maigida, hoton yarinyar nan fa ya fito." Ya ce, "Ke me kika sani a hoto?" Da na karanta masa cewa kin mai da madubin sito, sai ya tashi ya fita, ya bar abincinsa.

Don Allah kada ki ce ni na faɗa. Ko uwarki ba ta sani ba, kin san ta, gari zai ji kafin azahar. Kuma kada ki bar aikinki a kan hukuncin idon da ba ya gani. In za ki bari, ki bari don wani dalilin.

Innarki.

*

Kawuna,

Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya jiki, yaya ƙafa?

Na rubuta takardar nan na yaga, na sake na yaga. Bari in faɗa kai tsaye. Na jera takardunka biyu a kan tebur na duba. Rubutun ya ƙara girma, wasu kalmomin sun hau kan wasu. Ka ce hotona rawaya ne, alhali fari da baƙi na sa aka wanke. Kawu, ina jin idonka ne yake buƙatar a duba, ba saitina ba.

Ba raini ba ne, wallahi. Da shawararka na sami hoton nan, daga rage haske har bokitin yashi, ba ka kuskure ko ɗaya ba. Kanka na nan daram, gilashin gaba ne ya yi datti, kuma kai ka fi kowa sanin ba a jefar da kyamara don gilashinta ya yi datti. Na tambayi ma'aikaciyar jinyar makarantarmu, ta ce aikin cire yanar ido ba ya daɗewa, mahaifinta da ƙafarsa ya koma gida. Ta kuma ce barinta ya daɗe shi ne hatsarin. Wannan maganar ce ta hana ni sakat.

Har yaushe za ka yi ta zuba shayi a gefen kofi kana ɗora wa tebur laifi?

Ka je, don Allah. In tsoro kake ji, ka jira hutu in zo in riƙe maka hannu, in ce ka riƙe numfashi. Inna, in ke ce ke karantawa, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

'Yar yayarka.

*

Kawu, Inna, ko wa ya buɗe,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu wofi.

Sai da takardar ta tafi na tuna maganar shayi. Ba yadda za a yi in san ta daga nan. Inna, na tona miki asiri da hannuna, ki yafe mini.

Na hau tanki na kira wayar Inna, ta ɗauka ta ce, "Yana kusa," ta kashe. Da na sake kira, a kashe take. Na kira Mama, ta ce kowa lafiya, ta shiga tambayata ranar da zan dawo da irin labulen da nake so. Yau direba ya ce mini shagon a rufe yake da kwaɗo, har allon hotunan da ke waje an shigar. Ya tambayi tela, tela ya ce shi ma bai sani ba. Kawu, tun ina yarinya ban taɓa ganin an shigar da allon nan da rana ba.

Na nemi izinin tafiya, Shugaba ta ce ana tsakiyar jarrabawa, ba mai motsawa. Ina tsaye a aji ina tsaron yara, hankalina na bakin shagonka. Jiya wata ta ɗaga hannu tana neman ƙarin takarda, na miƙa mata alli.

Na sake ɗauko madubin daga sito, ba don hoto ba, don in na zauna a ɗaki zan haukace. Ina kafa shi, in kwance, in sake kafawa.

In fushi kake yi, ka zage ni a takarda, na yarda. Ko layi ɗaya ne a aiko.

'Yar yayarka.

*

'Yata,

Ina gaishe ki. Kwantar da hankalinki, yana raye, yana kuma faɗa, kin ga lafiya ke nan.

Na karanta masa duka, ban tsallake ba. Ina zuwa wurin shayi ya ce, "Tsaya. Ita tana can, ta yaya ta san teburina?" Na ce ni na faɗa. Ya ce ashe da ɗan leƙen asiri yake kwana a gida. Daga nan ya daina yi mini magana sai ta bango: "A gaya wa masu rubuta takardu ruwan wanka ya huce." Ni ma na ce a gaya wa masu gani da kyau su zo su ɗauka da kansu. Haka muka zauna. Ya hana a amsa miki, wayata ma ya karɓe ya sa a aljihu.

Abin da ya karya shi ba ni ba ce, ba kuma ke ba. Wata mata ce ta kawo hoton mijinta da ya rasu, shi kaɗai ke gare ta, tana so a gyara gefen da ya cinye a sa a firam. Kawunki ya ɗora a kan abin yanka ya danna. Ya yanke har da kunnen mutumin da gefen hularsa. Matar ba ta yi faɗa ba, ta tsince guntun daga ƙasa ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce, "Ba komai, Baba," ta tafi. Ya shigar da allo, ya sa kwaɗo, ya dawo gida tun rana na tsaka. Ya daɗe a zaune a bakin gado. Can ya ce, da ni kai tsaye, "Ina katin asibitin nan?"

An yi masa aikin idon dama. Da za a shiga da shi ya riƙe mini hannu har zobena ya shige nama, yana ce wa ma'aikatan su yi a hankali, wai shi ma ma'aikacin gilashi ne. Yanzu yana gida da bandeji, ina ɗiga masa magani yana cewa na cika rawar hannu. Na hagun sun ce sai sun ƙara dubawa, ban ji daɗin yadda likitan ya yi shiru ba. Ki sa mu a addu'a.

Uwarki ta ji, gari ma ya ji. Gidan cike yake.

Innarki.

*

Inna, ki karanta masa,

Alhamdu lillahi. Na karanta takardarki a tsaye a bakin mota, na zauna a kan buhun direba na yi kuka, shi kuma ya tsaya yana jiran buhunsa. Kawu, sannu. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa a buɗe a sa'a. Ka bar Inna ta ɗiga maganin, hannunta ya fi naka tsayawa a yanzu.

Na je wurin Shugaba na ce maganar tafiyata a dakata da ita. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Malama, ke kullum kamar mai jiran mota. Zama za ki yi ko tafiya?" Na ce zan kai ƙarshen shekara, daga nan mu gani. Ban ce wurin nan ya daina isata ba. Amma 'yan matan da ke laɓewa sun daina laɓewa, yanzu layi suke yi, kuma ba na so madubin ya koma leda. Mama za ta yi fushi, ku taya ni da ita.

Na kama tauraruwar nan Zara jiya da magariba. Ashe ita ma rabi take, kamar ƙaramin wata. Ba zan aiko ba sai an cire bandeji.

Me suka ce game da na hagun?

'Yarku.

*

'Yar Yaya, sarkin tambaya,

Assalamu alaikum. Ni ne da hannuna, ki duba layukan ki gani ko sun gangara. Muna lafiya. Ƙafa ma ta yi sauƙi, don an hana ni tsayuwa.

An cire bandeji. Abin da na fara gani Innarki ce, ta sunkuyo tana tambaya ko ina gani. Na ce, "Yaushe kika yi furfura haka?" Ta ce tun ranar da ta aure ni. Likita ya yi dariya har ya ajiye fitilarsa.

Na je shago. Ashe ƙura ta taru a kan kantar shagon, labulen baya ya koɗe, hotunan allo rabinsu rana ta cinye, ba wanda ya gaya mini. Na aika an nemo matar nan. Na haɗa guntun da hoton, na sake ɗauka, na zauna na gyara wurin yankan da ɗan burushi kamar yadda muke yi a da. In ba an faɗa miki ba, ba za ki ga tabon ba. Ita ta gani, don mijinta ne, amma ta karɓa.

Hotonki kuma na ɗauko shi daga aljihun tebur. Na janye hukuncina. Ya fito. Na ga ramin, na ga tsaunin, na ga inuwar. Ya ɗan karkata hagu, kuma kin bar fili da yawa a sama, amma ya fito. Yana cikin allo a waje yanzu. Har wani ya tsaya ya tambaya ko ana ɗaukar mutum a gabansa.

Kin tambayi na hagu. Ya tafi, 'yar Yaya. Likita ya ce yanar ta daɗe har ta taɓa jijiya, ko an kankare ba abin da zai dawo. Innarki ba ta ce "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya, wannan ya fi zagi ciwo.

Yanzu zaman gida ya ishe ni, in zauna, in tashi, an hana ni ɗaukar abu mai nauyi, an hana ni shiga ƙura. Na yi magana da direbanki, ya ce akwai wuri a gaba in ban damu da warin albasa ba. Da zarar likita ya sake ni, ina tafe, ni da Innarki, don ta ce ba ta yarda in tsallaka titi ni kaɗai ba. Ki nema mana wurin kwana, ki kuma lissafa mana lokacin da zai zama rabi. Ba hoto nake so ba wannan karon, da kaina zan leƙa. Na tambayi likita ko zan iya, ya ce madubin da ido nawa ake kallo? Na ce ɗaya. Ya ce to ai kana da shi.

Kawunki.